Likita Walter Miller na Zariya: Bawan Allah da Ya Gaji, Ya Tafi, Ya Komo

Kowace safiyar Lahadi, a majami'un Potiskum da ƙauyukan da ke kewaye da ita, Karekare da Ngizim da Bolewa da Ngamo, tare da baƙin da aiki ko kasuwanci ya kawo daga Filato da kudancin Borno, sukan buɗe littafi ɗaya, su ji Maganar Allah cikin harshe ɗaya. Kowa da harshen da ya sha a nono, amma Hausa ce take haɗa su a gaban Ubangiji. Kaɗan ne a cikinsu suka san sunan mutumin da ya fi kowa shan wahala kafin Littafi Mai Tsarki ya fito cikakke da Hausa. Waɗanda suka san sunan ma, ba duka ne suka san cewa mutumin ya shiga tsufansa da dalilai masu yawa na ganin kamar ya yi wahalar banza ba.

Labarinsa ya dace da dattawanmu, maza da mata, waɗanda suka yi shekara talatin ko arba'in suna hidima, suka ga hare-haren da suka auka wa Jihar Yobe tsakanin 2011 da 2015, lokacin da kasuwa da makaranta da wuraren sujada ba su tsira ba, suka ga iyalai sun kwashe kaya sun bar gari, har kujerun da suka saba gani cike suka zama wayam. Irin wannan gajiya ba ta jiki kaɗai ba ce. Akwai wadda take kama zuciya, ta sa mutum ya zauna yana lissafin shekarunsa yana tambayar kansa ina amfanin abin da ya yi.

An haifi Walter Miller a ƙasar Ingila a 1872. Ya yi karatun likita a asibitin Saint Bartholomew da ke Landan, sa'an nan ya miƙa kansa ga ƙungiyar mishan ta Ikkilisiyar Angalika, wadda aka fi sani da CMS. A wancan zamani sunan ƙasar Hausa ya cika kunnuwan matasan Kirista a Ingila. Ana ba su labarin manyan birane masu ganuwa, da malamai masu karatu da rubutu, da fatake masu ratsa sahara, ana kuma gaya musu cewa idan bishara ta kama Hausawa, to, za ta bi hanyoyin fatauci ta game Afirka ta Yamma. Da wannan buri Miller ya taso, kuma da shi ya riƙa auna kansa har ya tsufa.

Da yake hanyar shiga ƙasar Hausa ba ta buɗe ba tukuna, sai aka aika da shi Tarabulus, a ƙasar Libiya ta yanzu, inda fatake da alhazai Hausawa suke yada zango. A can ya zauna yana koyon harshen daga bakin masu shi. A can kuma ya sadu da wani yaro mai suna Audu, wanda mahaifinsa ya rasu a hanyarsu ta zuwa Makka. Daga baya yaron ya zo ya zauna a wurinsa, ya zama na fari cikin yara masu yawa da suka tashi a hannunsa.

A farkon 1900 ayari na mutum biyar ya tashi daga Ikko a ƙarƙashin Bishop Herbert Tugwell, Miller yana ciki, yana ɗan shekara 28. Suka yi watanni suna tafiya. Sarkin Zazzau Kwasau ya karɓe su da mutunci, amma su Kano suka sa a gaba. Da suka isa, Sarkin Kano Alu bai ɓata lokaci ba, ya umarce su su fita daga birninsa cikin 'yan kwanaki. Suka juyo kudu suka sauka a Girku, garin da Walter Gowans, ɗaya daga cikin samari uku da suka fara aikin SIM, ya rasu a 1894. A Girku ɗin ne abokin tafiyarsu Dudley Ryder shi ma ya rasu, wani kuma ciwo ya sa aka mai da shi gida, wuta ta ci masaukinsu, daga ƙarshe hukuma ta ce su janye. Haka zuwan farko ya ƙare. Amma saurayi yakan faɗi ya tashi ya karkaɗe ƙura. Miller ya komo Girku, a 1905 kuma ya sami izinin zama a cikin birnin Zariya, a Durumin Maigarke, zamanin Sarki Aliyu ɗan Sidi.

Wannan izini ba ƙaramin abu ba ne. Gwamna Lugga ya riga ya yi wa sarakuna alkawari cewa gwamnati ba za ta sa hannu cikin addininsu ba, a kan haka kuma aka hana 'yan mishan zama a yawancin biranen Musulmi. Gidan Miller ya zama kamar tsibiri. Ya buɗe ɗakin magani, ya tara yara yana koya musu karatu, yana kuma fassara littattafan Sabon Alkawari ɗaya bayan ɗaya. Hausarsa ta kai inda jami'an gwamnati da kansu suke neman shawararsa. Ya tsara yadda za a kafa makaranta domin malamai da 'ya'yan sarakuna, har an fara gwadawa a 1907, amma abin bai yi ƙarko ba. Gwamnati ta ɗauki aikin ta danƙa wa Hans Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, shi ne ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano a 1909.

Gaskiya ta wajaba a faɗe ta: Miller ba mutum ne mai sauƙin zama ba. Yana da kaifin harshe, ba ya haɗiye abin da ya gani, ya kuma yi ta karo da jami'an mulkin mallaka da wasu abokan aikinsa. Ya tsani zalunci da cinikin bayi da danne talaka, wannan abin yabo ne, amma ƙin zaluncin ya ja shi cikin siyasar fada fiye da yadda ya kamaci mai bishara. Ƙorafe-ƙorafensa suna cikin abubuwan da suka ɓata tsakanin Turawa da Sarki Aliyu ɗan Sidi, wanda daga baya suka tuɓe shi suka kai shi Lakwaja. Zazzagawa da yawa ba su manta da wannan ba. Shekaru suka yi ta wucewa, waɗanda suka karɓi baftisma a cikin birni kuwa ba su wuce a ƙirga su da sauƙi ba.

Sai ga wata ƙofa ta buɗe daga inda ba a zata ba. Tun kafin zuwan Turawa, an yi wani malami a Kano mai suna Ibrahim, wanda nazarin abin da Alƙur'ani ya faɗa game da Annabi Isa ya kai shi ga ba Isa matsayi na musamman cikin koyarwarsa. Ya tara almajirai, aka kira su Isawa. Hukumar birni ta ga abin ya zama barazana, aka kashe shi a kasuwar Kano a wajen 1867, almajiransa kuma suka watse, wasu suka nufi duwatsun Ningi, wasu suka ɓuya a ƙauyukan gabashin Zazzau. Ba su da Linjila a hannu, ba su taɓa ganin majami'a ba, amma suka riƙe abin da malaminsu ya bar musu, suna sa ran wata rana za a zo a ƙara musu bayani. A 1913 wasu daga cikin zuriyarsu suka zo wurin Miller a Zariya.

Mai karatu ya dubi yadda wannan zai kasance ga mutumin da ya yi shekara goma sha uku yana ƙwanƙwasa ƙofa a rufe. Ga mutane masu karatu, masu jin Hausa, sun tako da ƙafarsu suna neman labarin Yesu. Aka sama musu wuri a Gimi, iyalai suka taru daga wurare dabam-dabam, aka yi gonaki, aka gina makaranta da ɗakin sujada. Wani fasto baƙar fata daga tsibiran Karibiyan, Rabaran W. A. Thompson, shi ya zauna tare da su yana kiwonsu. Ƙauyen Kirista Hausawa na farko ke nan, abin da aka yi ta addu'a a kansa tun daga Tarabulus.

Ba a san cewa kurmin da ke bakin rafin wurin cike yake da ƙudan tsando ba. Ciwon barci ya shiga Gimi. A wancan lokaci maganinsa bai wadatu ba, wanda ake da shi kuma mai haɗari ne. Mutum yakan fara da zazzaɓi da kumburin wuya, sa'an nan ya riƙa gyangyaɗi da rana tsaka, ya rame, hankalinsa ya gushe, har ya kwanta bai tashi ba. Cikin 'yan shekaru cutar ta cinye yawancin jama'ar, manya da yara. Aka bar garin, aka kwashe waɗanda suka ragu, yawancinsu marayu, aka kai su Zariya. Miller likita ne, ya kuma tsaya yana gani mutanen da ya ɗauka amsar addu'arsa ce suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Sai a shekarun 1930 gwamnati ta tashi haiƙan ta yaƙi wannan cuta a yankin Anchau, lokacin da Gimi ta riga ta zama kufai.

Duk wanda ya taɓa gina wani abu da hannunsa domin Ubangiji, ya ga ya rushe ba da laifinsa ba, ya san cewa wannan ya fi tsanani nauyi. Tsanani yana da fuska, mutum ya san wanda yake ƙinsa da dalilin ƙin. Amma idan ƙuda ne ya share ikkilisiya, wa za a tuhuma? Tambayar takan koma sama, can kuwa ba kullum ake samun amsa da wuri ba.

Bugu na uku ya zo masa ne daga cikin gida. Gwamnati ta daɗe tana matsa wa CMS ta fitar da mishan daga cikin ganuwar Zariya. A tsakiyar shekarun 1920 wasu matasa masu ilimi suka zo daga Jami'ar Kambirij domin su ƙarfafa aikin, a cikinsu akwai Guy Bullen, da kuma Max Warren, wanda tarin fuka ya mai da shi gida kafin ya cika shekara, ya kuwa rayu har ya zama babban sakataren CMS. Sabbin zuwa suka ga cewa filin cikin birni ya yi ƙunci, makaranta da asibiti suna bukatar sarari. Aka daidaita da hukuma, a wajen 1929 aka ƙaura zuwa Wusasa, bayan gari. Ta fuskar hankali shawarar tana da kyau, abin da Wusasa ta zama daga baya ya nuna haka. Amma ga Miller, wanda ya yi shekara ashirin da huɗu yana riƙe da wannan ɗan wuri a cikin birni da haƙoransa, fita daga ganuwa kamar sakin abin da ya zo dominsa ne. Jagorancin ya koma hannun yaran da aka haifa lokacin da shi yake shirin tafiya Tarabulus. Yana da shekara 57.

Fastocinmu da suka yi ritaya, da iyayenmu mata da suka shugabanci zumunta shekara da shekaru sa'an nan aka zaɓi wasu, sun san ɗacin wannan. Ba wanda ya kore su, ana gaishe su da ladabi, ana ba su kujerar gaba ranar taro. Sai dai an daina tambayarsu. A nan ne da yawa sukan zama masu gunaguni, su koma gefe suna ƙirga kurakuran magadansu.

Miller bai zauna a Wusasa yana kallon yadda wasu suke gudanar da abin da ya kafa ba. Ya tattara takardunsa ya koma Kano, birnin da aka kore shi shekara kusan talatin da suka wuce, ya zauna a kan aiki guda: kammala fassarar Littafi Mai Tsarki. Ba shi ne ya fara sa Maganar Allah cikin Hausa ba. Tun a ƙarni na 19 wani Bajamushe mai suna J. F. Schön ya yi ƙoƙari mai yawa, ko da yake bai taɓa zama a ƙasar Hausa ba. Ba kuma shi kaɗai ya yi wannan ba. Akwai kwamiti na ƙungiyoyin mishan dabam-dabam, a cikinsu har da Likita Andrew Stirrett na SIM, wanda Hausawa suka laƙaba wa Bature Mai Magani, akwai kuma Hausawa masu bi da malamai waɗanda ake gwada kowace jimla a kunnensu. Amma nauyin aikin a kafaɗar Miller ya fi sauka.

Yana da kyau a tsaya a dubi irin wannan aiki. Mai wa'azi yakan zaɓi ayar da ta yi masa daɗi. Mai fassara ba shi da wannan dama. Dole ya bi ta cikin Ayuba sura bayan sura, ya bi ta cikin Irmiya da Makoki, ya nemo kalmar Hausa da za ta ɗauki kukan mai Zabura sa'ad da yake roƙon kada Allah ya yashe shi a kwanakin tsufa. Dole ya zauna da labarin Iliya, wanda bayan nasarar Dutsen Karmel ya gudu jeji ya kwanta a gindin itace yana roƙon mutuwa, ya ga yadda Allah bai tsauta masa ba, ya ba shi abinci da barci tukuna, sa'an nan ya yi masa magana a hankali, ya sake aikensa, ya kuma sanar da shi cewa akwai mutum dubu bakwai da shi Iliya bai san da su ba. Mutumin da ya binne Gimi, wanda aka karɓe Zariya daga hannunsa, shi ne ya wuni yana juya waɗannan surori, yana auna kowace kalma har ta zauna daidai a bakin Bahaushe. Da wuya mutum ya yi shekaru yana ɗebo wa jama'a ruwa daga rijiya shi kuma ya kwana da ƙishi.

A 1932 ƙungiyar buga Littafi Mai Tsarki ta Birtaniya ta fitar da littafin cikakke, daga Farawa zuwa Wahayin Yahaya. Miller yana da shekara 60.

Da labari ne na ƙage, da a nan za a rufe shi da murna. Amma gajiyar ba ta sake shi ba. A 1935 ya ajiye aiki da CMS ya koma Ingila. A shekara ta gaba ya buga littafin tunane-tunanensa a kan shekarun da ya yi a Arewa, bayan shekara biyu kuma ya ƙara wani. Kowa zai ɗauka cewa ya gama ke nan, dattijo ya koma ƙasarsu ya huta, ya riƙa ba da labari a tarurrukan mishan. Shekara huɗu kawai ya iya yi. A 1939, shekarar da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, ya komo Nijeriya yana da shekara 67.

Wannan komowa ita ce abin da ya fi cancanci a lura da shi cikin dukan rayuwarsa. A zuwan farko ya zo da ayari da bishop da babban buri na cin birane. A wannan karo ya zo shi kaɗai, ba tasha, ba muƙami, ba wanda zai ba umarni. Ya zauna a Bukuru, garin haƙar kuza kusa da Jos, nesa da Zariya da Kano, yana rubutu yana koyarwa, ƙofarsa a buɗe ga tsofaffin ɗalibansa. Ya yi shekara goma sha uku a haka. Buri ya ragu, ƙauna ta rage. Ya gane cewa mutanen nan nasa ne ko sun amsa kiransa ko ba su amsa ba, ya kuma zaɓi ya ƙare kwanakinsa a cikinsu. Sabuntawar da Ubangiji yakan yi wa tsoho sau da yawa haka take zuwa. Ba ya mayar masa da ƙarfin shekara talatin, yakan sauke masa kayan da tun farko ba shi aka ɗora wa ba, wato lissafin girbi, ya bar masa abin da hannunsa zai iya riƙewa.

Kaifin harshen dai bai dushe ba. A 1947, yana da shekara 75, ya buga littafi wanda sunansa kansa tambaya ce, ko an kasa a Nijeriya, inda ya tuhumi mulkin Ingila da barin talakan Arewa cikin jahilci da danniya. A shekara ta gaba ya fitar da wani, shi ma sunansa tambaya ce, amma a kan nasara. Mutumin da ya fid da zuciya ba ya ɓata tawadarsa a kan gobe. Ya kuwa rayu ya ga somin abin da ya shuka. Ɗalibinsa John Tafida ya haɗa hannu da Rupert East suka rubuta Jiki Magayi, littafin da ɗaliban Hausa suka yi ta karantawa a makarantu. Wani ɗalibin, R. A. B. Dikko, ya zama likita na farko ɗan Arewa, ya kuma shugabanci Jam'iyyar Mutanen Arewa sa'ad da aka kafa ta a ƙarshen shekarun 1940.

Amma babban girbin ya fito ne a gonar da bai nufa ba. Shi biranen Hausa ya zo nema. Littafin da ya fassara kuwa sai ya bi masu bishara zuwa duwatsun Filato, da ƙasar Tangale, da kudancin Zariya, da Adamawa, da ƙauyukan Maguzawa, har ya iso ƙasar Fika da Potiskum. Kabilu masu harsuna fiye da a ƙirga suka same shi a harshen kasuwa da suka riga suka sani, makarantun Littafi Mai Tsarki suka yi ta horar da masu bishara da shi, aka rera waƙoƙi daga cikinsa. Ya yi kusan shekara hamsin shi ne littafin ikkilisiyoyin Arewa kafin sabuwar fassara ta fito, har yanzu kuma akwai tsofaffin da ayoyin da suka haddace da kalmominsa suke.

Likita Miller ya rasu a 1952 yana da shekara 80. Bayan shekara biyu aka kafa ECWA, a 1955 kuma ikkilisiyoyin da suka fito daga aikin SUM da 'yan'uwansu suka haɗu cikin tarayyar da aka fara kira TEKAS, wadda sunanta ma da Hausa aka raɗa shi. Bai ga ko ɗaya ba. Bai kuma ga 1966 ba, shekarar da wani yaron da ya tashi a Wusasa, Yakubu Gowon, ya zama shugaban ƙasa. A wannan shekara ce aka naɗa ɗan Nijeriya na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, 'yan kilomitoci kaɗan daga ganuwar da aka fitar da mishan daga cikinta. Sunansa Farfesa Ishaya Audu, likita, wanda daga baya ya zama ministan harkokin waje, ya kuma ƙare rayuwarsa yana hidimar fasto. Mahaifinsa, Malam Bulus Audu, daga zuriyar Isawa ya fito.